Kicin ɗin Goggo: merang da kirem da 'ya'yan itace, ga amsoshinku

Assalamu alaikum 'yan uwa mata, da mazan da ke leƙo mu ta bayan labule suna cewa wai madam suke karanta wa, mun gan ku, ku shigo ku zauna. Tunda hunturu ya kama saƙonnin da ke shigo min kusan rabi duk a kan abu ɗaya ne, wannan farin abin mai kama da gajimare da ake ɗora wa kirem da jajayen 'ya'yan itace a kai, kowa ta gani a waya ranta ya biya, wasu sun gwada ya yi, da yawa kuma sun yi asarar ƙwai. Toh na tsinto waɗanda suka fi maimaituwa, wadda bata ga nata ba ta duba da kyau, amsarta na cikin ta wata.

Tambaya: Goggo ina wuni, dan Allah meye sunan abin nan ne ma, kuma yaya ake yi? Na ci a wajen wani biki a Yawunde tun bara yake raina, waje ƙaras-ƙaras ciki kuma laushi kamar auduga. Dangin miji zasu zo min kuma inaso in fita kunya. Daga wata amarya a Domayo, Marwa.

Amsa: Lafiya lau amarya, Allah ya ba da zaman lafiya. Farin gindin nan sunansa merang, ba komai bane illa farin ƙwai da suga da aka buga aka busar a fur, wato oven. In aka yi shi babba kamar faifai, aka bar cikinsa da laushi, aka zuba kirem da 'ya'yan itace a sama, shi ake kira pavlova. Sunan wata 'yar rawa ce 'yar Rasha, Anna Pavlova, da ta je wasa Ostireliya da Niyu Zilan a 1926, kuma har yau ƙasashen nan biyu suna ja-in-ja kan waye ya fara yin shi, kamar yadda mu da 'yan Najeriya muke yi a kan kilishi.

Ga abin da zaki tanada na mutum shida zuwa takwas: farin ƙwai 4, suga giram 220 zuwa 240, ruwan lemun tsami ko binega ƙaramin cokali 1, Maizena (garin sitacin masara) ƙaramin cokali 2. Ƙa'idar ita ce nauyin suga ya kusa ninka nauyin farin ƙwai, farin ƙwai ɗaya na kajin gona wajen giram 30 ne, shi yasa ake cewa giram 55 zuwa 60 na suga wa kowane ƙwai. In baki da sikeli ki ɗauki kofin shayi, kofi ɗaya na farin ƙwai kofi biyu na suga, wannan awon ya fi ƙirga ƙwai ma, musamman in ƙwan kajin gida ne ko na zabi da basu kai na gona girma ba.

Ki fara buga farin ƙwan shi kaɗai a kwano mai tsafta har ya yi kumfa fari ya fara riƙe kansa, sannan ki fara zuba suga cokali-cokali, ki zuba ki buga, ki zuba ki buga, kar ki juye shi gaba ɗaya, a nan ne mafi yawanku kuke faɗuwa saboda gaggawa. Zai ɗauki minti takwas zuwa goma da bater, wato injin bugun ƙwai. Alamar ya yi guda uku ce, yana sheƙi, in kin ɗaga bater ɗin zai yi tsini ya tsaya bai lanƙwashe ba, kuma in kin murza kaɗan tsakanin yatsu baki jin yashi-yashin suga. Wasu na kifa kwanon a kansu don su nuna bai zubowa, ni ban ce ki yi ba sai in kin cire ɗankwalin fita. Daga nan ki barbaɗa Maizena da lemun tsamin ki juya a hankali da cokali, su biyun nan su ne sirrin laushin cikin da kika ji a Yawunde.

Ki shimfiɗa takardar gashi a tire, ki juye ki tara shi kamar faifai mai tudu, faɗin wajen santimita 20, ki ɗan yi rami a tsakiya inda kirem zai zauna. Fur ya riga ya yi zafi a digiri 120, kina sawa ki rage zuwa 100 ko 110, ki bar shi awa ɗaya da kwata zuwa awa ɗaya da rabi, sai ki kashe ki bar shi a ciki ya huce da kansa, kar ki buɗe, in da hali ma ki yi da dare ki kwana ki same shi da safe. Abin da nake so ki riƙe shi ne merang ba gasa shi ake ba, busar da shi ake, duk wadda ta ba shi wutar gato, wato kek, ta ƙona shi. Kirem da 'ya'yan itace kuwa sai baƙi sun gama cin tuwo sun wanke hannu sannan ki ɗora, bayaninsu na ƙasa.

Tambaya: Goggo ni kam na buga har hannuna ya mutu, minti arba'in wallahi, abu ya ƙi tashi yana nan ruwa tsululu da 'yar kumfa a sama kamar ruwan wanki. Ƙwai takwas na ɓata. Ko ƙwan ne ba kyau? Maman 'yan biyu, Rumde Ajiya, Garwa.

Amsa: Maman 'yan biyu sannu, ƙwan ba ruwansa, na kusa rantsewa maiƙo ne. Farin ƙwai kusan kashi 90 cikin ɗari ruwa ne, sauran furotin, in kina bugawa furotin ɗin ne ke warwarewa ya kewaye iskar da kike turawa ciki ya riƙe ta, shi ne kumfar. Maiƙo ko ɗis ne yana shiga tsakani ya hana wannan riƙon. Kuma maiƙon ta hanya uku yake zuwa mana, ko gwaiduwa ta fashe ta ɗan ɗiga ciki don gwaiduwa cike take da kitse, ko kwanon, ko kuma abin bugun da kika yi miya ko gato da shi baki wanke sosai ba. Robar kicin ɗinmu kam ki manta da ita, robar da ta taɓa ganin man gyaɗa ko manja ko kin wanke ta sau bakwai tana nan da santsinta. Ki nemi kwanon silba ko na gilas, ki wanke da sabulu da ruwan zafi, ki goge da ɓarin lemun tsami, ki shanya ya bushe ƙayau.

Sannan wajen rabawa, ki dinga fasa kowane ƙwai a ƙaramin kofi tukuna, in ya fita tsaf ki juye a babban kwano, in gwaiduwa ta fashe ki ajiye wannan na wainar yara. Da haka ƙwai ɗaya bazai ɓata miki bakwai ba. Ƙwai mai sanyi ya fi sauƙin rabawa, amma wanda ya sha iskar ɗaki ya fi saurin tashi, toh ki raba yana fitowa daga firigo, wato firiji, ki bar shi minti ashirin. Kuma baki faɗa min ba ko tun farko kika zuba suga, in haka ne shi ma yana danne shi, musamman ga mai bugun hannu.

Maganar bugun hannu, ana yi, iyayen Turawan ma da hannu suka yi shekara da shekaru kafin a ƙera bater. Amma ki samu abin bugun ƙwai na waya mai kama da keji, maburgin miya bazai yi miki ba, na gwada da sabo fil lokacin ina yarinya, kumfa yake yi amma bai kai ga tsayawa. Ki fara da ƙwai biyu kawai, kuma ki kira wata ku dinga karɓa-karɓa kamar daka.

Tambaya: Goggo bani da fur na kuran, wato na lantarki, na gas ne kuma ba lamba a jiki sai babba da ƙarami, duk abin da na sa ƙasansa ke ƙonewa. Maƙwabciyata kuma ko wannan bata da shi, a tukunya da yashi take gato. Mu ma zamu iya? Kuma da wasa nake tambaya amma da gaske, ranar Garwa ta watan Afrilu ba zata busar da shi ba in na shanya kamar kilishi? Wata ɗaliba, Yelwa.

Amsa: 'Yata kin ban dariya, ranar kam ta kai, wadda ke wuce digiri 40 a inuwa, amma a'a. Ɗanyen ƙwai ne da suga zaki baje a fili, ƙuda da ƙura da kiyashi duk zasu zo miki biki, kuma zafin rana bai isa ya kashe ƙwayoyin cutar da kan zauna a ɗanyen ƙwai ba. Ki bar wa kilishi ranarsa.

Fur ɗin gas ɗinki zai yi. Matsalarsa ko a mafi ƙanƙantar wuta yakan haura abin da merang ke so, toh dabara ita ce ki kunna ƙarami can ƙasa, ki sa tiren a hawa na sama nesa da wuta, ki sa wani tire babu komai a ƙasa ya tare zafin, sannan ki soka cokalin katako a bakin ƙofar ta zauna a ɗan buɗe. Zafi na raguwa, tururi ma na fita, riba biyu. Ki gwada da farar takarda kafin ki sa, in ta yi minti goma a ciki ta fara ja toh wuta ta yi yawa. In kina da hali ki sayi ɗan ma'aunin zafi na fur, ƙaramin abu ne mai kama da agogo, zai raba ki da canki-canki har a gato da biskit.

Ta tukunya kuma gaskiya sai haƙuri, kuma kar ta fara da babba. Ta yi ƙanana kamar girman ƙwai, ta zuba yashi kaurin yatsa uku a babbar tukunya, ta ɗora murfin tukunya ko duwatsu uku a kai sannan tiren, garwashi kaɗan wanda ya riga ya yi toka a ƙasa, guda uku huɗu a kan murfi, ta bar murfin a ɗan karkace. In ta sa hannu ciki ta kasa ƙirga goma, zafi ya yi yawa ta rage. Bazai fito fari tas kamar na waya ba, zai ɗan yi ruwan madara ko ruwan ƙasa-ƙasa, kuma ni a bakina wannan ya fi daɗi don yana ɗan ƙamshin alewa. Wata hanyar kuma, in kuna da mai burodi na gargajiya a unguwa da kuke mutunci, ku roƙe shi bayan ya kwashe burodin ƙarshe tanderun ya fara hucewa sosai ya saka muku, irin wannan zafin mai mutuwa a hankali shi merang ke so.

Masu fur na kuran kuma in an ɗauke wuta kuna tsaka da yi, kar ku buɗe ƙofa ku tsaya kallo, ku bar shi a rufe, in ta dawo ku ci gaba daga inda aka tsaya. Ya sha faruwa da ni, bai taɓa lalacewa ba sai ranar da na kasa haƙuri na dinga leƙawa.

Tambaya: Salam Goggo. Na yi a watan Janairu ya yi kyau sosai har na fara tunanin sayarwa, na sake yi a Agusta da awo ɗaya da komai ɗaya, ya fito yana danƙo kamar cingam, wani ruwa kamar zuma na tsatsafowa a gindi. Me na yi ba daidai ba? Hajiya daga Baladji, Ngaundere.

Amsa: Hajiya barka da war haka, ba ki yi komai ba, damina ce ta yi. Suga yana jan ruwa daga iska, kin dai ga yadda alewa ke narkewa a leda cikin Agusta, toh merang kusan kashi biyu cikin uku suga ne. Ku kuma a Ngaundere damina ta fi tamu tsawo, tun Afrilu har Oktoba ana abu ɗaya, iska duk a jiƙe. Shi yasa nake cewa Allah ya ba mu abin da Turawa ke nema da kuɗi, hunturu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu lokacin da leɓe ke tsagewa, kaushi ke damun kowa, a lokacin merang ke cikin sallarsa, zaki yi ki ajiye sati biyu a gwangwani mai murfi yana nan ƙaras.

In dole sai kin yi da damina, ga abin da zai taimaka. Na farko ki canza hanyar bugu. Iri uku ake yi, na Faransa shi ne wanda na koya wa amarya a sama, ɗanyen farin ƙwai da suga. Na Italiya ana dafa suga da ruwa har wajen digiri 118 a tsiyaya cikin ƙwan ana bugawa, wannan sai mai ma'auni da bater mai ƙarfi. Na Suwizalan shi nake so ki gwada, ki haɗa farin ƙwai da sugan duka a kwanon silba, ki ɗora a kan tukunyar ruwa mai ɗan tafasa ba tare da gindin kwanon ya taɓa ruwan ba, kina juyawa ba tsayawa har sugan ya narke sarai, in kin taɓa kin ji zafi amma bai ƙona ba, wajen digiri 55 zuwa 60 kenan, sai ki sauke ki buga har ya huce ya tsaya. Ya fi na Faransa ƙarfi da jure wahala.

Kuma yana maganin matsala ta biyu da nake zargi, ruwan zumar nan da kika gani sau da yawa sugan da bai narke bane. Sugan da muke saya a kasuwa, na buhu ko na ƙwaya, tsakinsa manya ne, Turawa da mai laushi suke yi. In zaki yi na Faransa ki niƙa sugan a bilenda tukuna na 'yan daƙiƙu. Kar ki daka a turmin yaji dan Allah, wata ta taɓa kawo min merang mai ƙamshin daddawa da tafarnuwa, na ci don kunya.

Sai ajiya, yana hucewa ki rufe a gwangwani ko roba mai kama iska, kuma kar ki sa a firigo, firigo gidan danshi ne. In ya yi laushi ki mayar da shi fur a digiri 90 zuwa 100 na minti goma sha biyar zuwa ashirin, ki bari ya huce, zai farfaɗo. Sana'a kuma ki yi, ƙananan merang a leda suna tafiya wajen biki da suna, amma ki ɗauke ta sana'ar rani.

Tambaya: Goggo kirem ɗin ne matsalata. Na sayo na kwali a supamaket da tsada, na buga ya ƙi kauri, na ƙara bugawa sai ya tsinke ya koma gudaji da ruwa. Madarar gwangwani ko ta gari ba zata yi ba? Uwargida daga Njamena.

Amsa: Uwargida kin yi man shanu ne ba ki sani ba, abin da matan Fulani ke samu in sun kaɗa nono a gora shi kika samu da bater, ki tace ki sa gishiri ki shafa a burodi, ba asara. Abu biyu kirem ke bukata, kitse da sanyi. Ki duba jikin kwalin, in kitsen bai kai kashi 30 cikin ɗari ba ki ajiye, wanda aka rubuta mai sauƙi ko na miya masu kashi 12 ko 15 ko 18 ba zasu taɓa tashi ba ko zaki kwana kina bugu. Mai 35 ya fi. Irin su Elle & Vire da Président duk suna da kala-kala, kwalin kusan iri ɗaya, lambar zaki karanta ba hoton ba.

Sanyi kuma a Njamena ai kin san yaƙi ne. Kwalin ya kwana a firigo, ba firiza ba, kwanon da kan bater ɗin su ki sa a firiza minti goma sha biyar, in zafi ya yi yawa ki ɗora kwanon cikin wani babba mai ƙanƙara ki buga a haka, da sassafe ko bayan isha. Mililita 250 zuwa 300 ya isa pavlova ɗaya, da suga mai laushi babban cokali ɗaya kacal, don merang ɗin kansa zaƙi ne zalla. Da kin ga bater na barin sawu a ciki, kirem ya tsaya a cokali, ki tsaya. Tsakanin shantiyi, wato bugaggen kirem, da man shanu bai fi rabin minti ba.

Madarar gari ba zata yi ba. Ta gwangwani marar suga in ta yi sanyi ƙarara tana kumfa amma kitsenta bai kai kashi 10 ba, kafin ki kai falo ta kwanta. Garin shantiyi na leda da ake bugawa da madara mai sanyi yana tashi ba gardama kuma ya fi jure zafi, masu gato shi suke amfani da shi, sai dai man itace ne da suga, yana barin wani maiƙo a dasashi da ni bana so.

Abin da nake yi a gidana kuwa, kuma na fi so a kan na kwalin, kindirmo ne. Ki samu mai kyau mai kauri wanda aka yi da dafaffiyar madara, wajen wadda kika yarda da tsaftarta, ko yawut, wato yogot, marar suga, ki juye a farin ƙyalle mai tsafta ki ɗora a rariya a kan kwano ki sa a firigo ya kwana. Da safe ruwan ya tsiyaye, abin da ya rage kauri kirtif, ki sa suga kaɗan ki juya. Ɗan tsaminsa shi ke kashe zaƙin merang ɗin, har mutum ya cinye bai ji ya gundure shi ba. In kina da baƙin da kike son burgewa ki haɗa rabi kirem rabi kindirmo.

Tambaya: Firez fa Goggo? Na zaga kasuwa ban samu ba, wanda na gani a firizar wani kanti kuɗinsa ya kai na kaza. Wata ƙanwarki a Kuseri.

Amsa: Ƙanwata ki sayi kazar. Firez, wanda 'yan Najeriya ke cewa sitiroberi, ɗan wuri mai sanyi ne, irin su Jos can ake nomansa da hunturu, kafin ya iso mana ya gaji ko ya yi tsada. Na firiza in kin samu da sauƙi yana yi, amma in ya narke ruwa yake saki, sai dai ki dafa shi da suga kaɗan ya zama miya ki yaryaɗa. Ki tambayi kanki me firez ɗin ke yi a wurin, abu biyu ne, tsami da ja. Mu kuwa wa ya fi mu abu mai tsami da ja? Zoɓo, folere ɗinmu, karkanji in kin haye gada kin shiga Njamena. Ki ɗebi cikin hannu ɗaya ki wanke yashin, ki tafasa a ruwa kofi ɗaya da rabi minti goma, ki tace, ki sa suga babban cokali uku ko huɗu ki mayar wuta har ya yi kauri yana bin cokali, ki bari ya huce sarai. Ganyen da ya dahu ma kar ki zubar, ki yanka ƙanana ki mayar cikin ruwan sugan, yana zama kamar 'ya'yan itace a baki. In kika yaryaɗa wannan a kan farin kirem wallahi ko a hoto ya fi firez kyau.

Sai ki haɗa da abin da kasuwa ta bayar. Mangwaro in lokacinsa ya yi shi ne sarki, wanda bai nuna lugub ba, marar zare, da ɗan lemun tsami a kai. Gwaiba ki cire 'ya'yan. Lemun zaƙi ki ɓare har fatar ciki. Ayaba ita kaɗai zaƙi kan zaƙi ne, sai da zoɓon ko tsamiya. Kankana ruwa ce zalla zata jiƙa miki komai. Abarba da gwanda ɗanye kuma ki kula, suna da wani sinadari da ke narkar da furotin ɗin madara, in suka daɗe tare da kirem ko kindirmo sai ki ji ɗaci, toh ko ki ɗora a ci nan take ko ki ɗan dafa abarbar. Duk wanda kika yanka ki bar shi a rariya ya tsane kafin ki ɗora.

Tambaya: Goggo an ce min ruwan banila na kwalba akwai giya a ciki, gaskiya ne? Binega fa? Malama, Gidar.

Amsa: Malama gaskiya ne, na asali da barasa ake jiƙa shi, wasu na kanti kuma babu, sai ki karanta jikin kwalbar. Mafi sauƙi ki sayi sugan banila na 'yar leda da ake sa wa gato, ko ki kankare bawon lemun tsami, ko ɗan garin citta a cikin zoɓon. Hukuncin kuma na bar wa malamai, ni kicin na sani. Binega dai khal ne, in zuciyarki bata kwanta ba lemun tsami na yin aikinsa daidai.

Tambaya: Goggo ni namiji ne kar a yi min dariya. Na so in ba madam mamaki ranar da muka cika shekara biyar, na bi duk yadda aka ce, da na zo ɗagawa daga takarda ya farfashe a hannuna, na tattara na ba yara a ɓoye na je na sayo tsire. Ina kuskuren? Wani bawan Allah, Garwa.

Amsa: Ɗana ba mai maka dariya, Allah ya yi albarka, sauran maza ku ji. Kuskurenka ɗaya ne, da ka ba yara. Tsagewa kam halin pavlova ne, nawa ma yana tsagewa, kirem ke rufe asiri, in ya yi yawa dai ko ka fito da shi da zafi iska ta buge shi, ko wuta ta yi yawa ya kumbura ya faɗa. Amma wanda ya farfashe ɗin nan da ka raina, a Ingila abinci ne mai suna da daraja, Iton mes suke ce masa, wato hargitsin Iton, sunan wata tsohuwar makarantar 'ya'yan manya da aka kafa tun 1440. Ba komai bane sai fasasshen merang da kirem da firez a cakuɗe. Da ka ɗauko kofunan gilas, ka zuba gutsattsarin a ƙasa, kirem ko tataccen kindirmo a kai, mangwaro, zoɓo, ka sake jerawa har ya cika, ka kai mata da cokali, da har yau tana ba ƙawaye labari. Ni duk mai koyo ma da wannan nake cewa ya fara, ba ruwanka da siffa. Sharaɗi ɗaya, a haɗa a ci cikin minti goma zuwa sha biyar, in ya zauna merang ɗin narkewa yake ya zama kunu. Tsiren ma dai ba laifi.

Tambaya: Maigida na da ciwon suga, zan iya rage sugan zuwa rabi ko in sa zuma? Kuma gwaiduwar da ta rage me zan yi da ita? Maman Abba, Marwa.

Amsa: Maman Abba Allah ya ba shi lafiya. A merang suga ba don zaƙi kawai yake ba, shi ne ginshiƙin, in kin rage zuwa rabi kumfar zata kwanta ta yi ta zubar da ruwa, zuma kuma ta fi suga jan danshi kuma ita ma tana ɗaga sugan jini. Wannan ba abincinsa bane gaskiya, ki ba shi tataccen kindirmon ba suga da 'yar gwaiba a kai, sauran kuma ku tambayi likitansa.

Gwaiduwa huɗu kuwa ki yi kastad na gaske da ita, madara rabin lita, suga giram 80, Maizena babban cokali uku, ki buga gwaiduwa da suga da Maizena, ki tsiyaya madara mai zafi kina juyawa, ki mayar wuta kaɗan har ya yi kauri. In ya huce shi ma yana zama a madadin kirem a kan merang ɗin, ga wadda bata samu na kwali ba. In ba yau zaki yi ba ki sa ta a kofi ki zuba ruwa kaɗan ya rufe ta don kar ta bushe, a firigo, kar ta wuce kwana biyu. Ko kuma ki fasa cikin wainar ƙwan safe kowa ya huta.

Wadda ta tambayi yadda ake dambun nama ya yi wata bai yi fumfuna ba, da mai tambayar gato a tukunya, na ga saƙonninku, sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.